Allah Ya Ja Zamanin Sarki Kwaɗo

Gaishe ka Kwaɗo, mai gadin da ba ya gyangyaɗi, dogarin da ba a ganin jan rawaninsa, baƙon da ya sauka da magariba gari ya waye shi ne mai gida. Gaishe ka mai tsare rumbu daga mai rumbu, mai sayar da doki ya riƙe linzami. Takawarka lafiya toron giwar zamani, uban ɗakin waya, angon kwamfuta, wanda ba ya karɓar "don Allah", ba ya jin "gobe in Allah ya kai mu". Mu mutanen bakin Watari, daga Bagwai har Bichi, mun daɗe muna jin amonka daga nesa kamar cida a gabas. Yau ga ka a aljihunmu, kana kwana a ƙarƙashin matashinmu, don haka faɗuwa gaisuwa ta zama dole.

Ga wanda bai gane wanda ake wa kirari ba, wannan Kwaɗo ba shi da dangantaka da masu kuka a bakin dam da damina, kuma ya girmi na ƙofar shago da ake saye a kasuwar Bichi a haɗo ka da 'ya'yan mabuɗi uku. Fadarsa tana cikin uwar manhaja, wato babbar manhajar da ke juya kwamfuta ko waya, irin su Windows da Android. Turawa suna taƙaita sarautarsa da haruffa uku, DRM, wai kula da haƙƙin mallaka a cikin na'ura. Aikinsa shi ne ya tsaya tsakaninka da abin da ka saya, ya aika can ƙetare a tambayo ko an yarje maka ka buɗe, ka kwafa, ka ba da aro, ka gyara. Ɗan mabuɗin kuwa yana nan a ajiye wajen wanda ya sayar maka. Kwaɗon ƙarfe, da ƙarancin basira irin tasa, iyakarsa ya tsare kayanka daga ɓarawo. Namu sarkin ya wuce nan, yana tsare kayanka daga gare ka.

Ni dai a hannun Baffana na fara ganin ikonka ido da ido, ranka ya daɗe. Baffa manomin rani ne a ƙasan dam, tumatir da albasa da ɗan tattasai. Shekara da shekaru da ƙaramar wayarsa mai madannai yake ciniki, wadda in ta faɗa ruwa sai a zare batir a shanya ta a rana ta tashi. Bara waccan yara suka zuga shi ya karɓi babbar waya ta bashi, irin wadda ake ba da kafin alƙalami a riƙa biyan sauran kullum-kullum. Ba a tambaye shi jingina ba, ba a nemi mai tsaya masa ba. Ya dawo gida yana ta sa albarka, yana cewa bai taɓa ganin mutanen da suka yarda da talaka irin waɗannan ba. Bai san tare da kai aka sallamo shi ba, kai da ka fi jingina nauyi, ka fi mai tsayawa tsayuwa.

Wata asuba cikin sanyin hunturu, an cika kwanduna tun daren jiya, ba abin da ya rage sai a kira direban da zai kai su 'Yan Kaba. Baffa ya latsa waya, ta yi masa fuskar shanu. Hidimar tsinkar tumatir ta sha kansa jiya, bai biya ba. Lambar direba tana ciki, lambar dillali tana ciki, 'yan kuɗin da zai biya bashin su ma suna cikin asusun da ke cikin wayar. Ya hau babur ya tafi wajen mai POS ya biya da kuɗin hannu. Aka ce to saura saƙon buɗewa ya iso. Shi kuwa saƙon ba ya tafiya sai da sabis, sabis kuwa a ranar ya tafi unguwa. Ya same ni a ƙofar gida yana jujjuya ta a tafin hannu kamar mai duba ƙwai.

"Kai ɗan nan, kai da ka yi boko, duba mini. Na fa biya."

"Na gani, Baffa. Sai dai a jira."

"A jira wa?"

"Su, Baffa."

"Su wa? Ina gidansu in je in ba su haƙuri?"

Dubi wannan tambaya, Allah ya taimake ka, ka ga irin duhun da ka zo fitar da mu daga ciki. Baffa yana zaton har yanzu zamanin da ne, lokacin da mai bin bashi yake da zaure, yake da fuska, yake da surukai. A wancan mugun zamani sai mai bin ka kuɗi ya tako da ƙafarsa, ya yi sallama, ya tambayi iyali, ya tambayi gona, a kawo masa ruwa ya sha, sannan cikin jin nauyi ya taɓo maganar. In ya ga ɗanka a kwance ba lafiya sai ya haɗiye ta ya ce a bari sai kaka. Har wa'azi ake masa cewa jinkirta wa wanda ke cikin matsi lada ne. Ko mai riƙe da ƙofar ruwa a kan kwatar da ke shayar da fadamun Watari, in ya hana ka ruwa ka san sunansa, ka san ubansa, kana iya kai ƙararsa wajen mai unguwa, daga nan dagaci, daga nan hakimi. Ina amfanin irin wannan ɓata lokaci? Kai ka share duk wannan. Ba ka da zauren da za a durƙusa, ba ka da kunyar da za a ci da ita, ba ka san rasuwa ba, ba ka san ambaliya ba. Lokaci yana cika sai ka rufe, kuma daidai kake rufe wa maƙaryaci da mai gaskiya, wanda shi ne cikar adalci. Wayar Baffa ta buɗe bayan azahar, tumatir ya riga ya sha rana, dillali ya ba shi abin da ya ga dama. Amma a wuni guda ya koyi cika alƙawari, darasin da shekara 60 na zama lafiya da mutane ba su koya masa ba.

Ba a yi wa sarki kirari a bar asalinsa. Kai ɗan gidan sarauta ne gaba da baya. A 1998 majalisar Amurka ta naɗa maka rawani da dokar da ta mai da karya ka laifi, har wanda ya yi haka da gangan don neman kuɗi yana iya shan ɗaurin shekara 5 da tarar dala 500,000 tun a karon farko. A 2002 Microsoft ya bayyana shirin gina maka fada a cikin Windows kanta, da sunan Palladium. Mahassada suka tashi. Wani malamin jami'ar Kambirij a Ingila, Ross Anderson, ya yi ta gargaɗin cewa irin wannan tsari zai kwashe iko daga hannun mai kwamfuta ya miƙa wa masu sayar da manhaja. Aka yi ta surutu har shirin ya lafa. Ka yi fushi? Ko kusa. A 2005 ka ɗan leƙo ta faya-fayen waƙa na Sony BMG, inda duk wanda ya sa faifan da ya saya a kwamfutarsa sai wata manhaja ta shige ta ɓuya ba da saninsa ba, ta kuma bar ƙofa a buɗe ga masu kutse. Da asiri ya tonu aka janye faya-fayen, ka koma ka zauna. Mai haƙuri shi ke dafa dutse. Ranar 5 ga Oktoba 2021 Windows 11 ta fito da sharaɗin cewa ba za ta sauka a kwamfutar da ba ta da wani ɗan gutsuren na'ura mai suna TPM ba. An ce don tsaro ne, kuma lalle yana ɓoye mabuɗan sirri da kyau. Sai dai wannan ɗan gutsure yana da wata baiwar, yana iya ba na nesa shaida a kan abin da ke gudana a kwamfutarka, ko ka bi layin da aka shata ko ka kauce. Abin da aka yi wa ihu a 2002 an shimfiɗa wa ɗan'uwansa darduma bayan shekara 19. Wa ya isa ya yi irin wannan jira in ba ɗan sarki ba?

Alherin wannan kuwa har ƙofar gidanmu zai iso. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya yaye Windows 10, ya daina aika mata da facin tsaro sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. Tun a ƙarshen 2023 masu nazarin kasuwa na Canalys suka ƙiyasta cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 ne wannan yaye zai iya turawa juji. Lafiyarsu ƙalau, allo garau, madannai suna aiki. Laifinsu kawai ba su da masaukin sarki, ko kuwa ƙwaƙwalwarsu ta tsufa a lissafin kamfani. Sanin kowa ne inda kwamfutar da Turai ta gaji da ita take nufa: jirgin ruwa, Legas, sannan shagunan titin Beirut a Kano. Daga nan sai jakar ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi, da teburin mai buga takardu, da ɗakin da yaranmu ke koyon latsa madannai kafin jarrabawar JAMB. Za mu same su da araha, ba faci ba gadi, kamar gidan da aka cire wa ƙyaure don iska ta riƙa shiga. Wanda kuma Allah ya hore wa sabuwa, sai ya tarar Windows ta gida ba ta yarda a gama kafa ta sai da intanet da asusun Microsoft. Mutumin Gadanya ko Romo da ya sayar da buhunan shinkafa ya sayo kwamfuta, kafin ya rubuta bisimilla a cikinta sai ya hau tudu neman sabis, ya gabatar da kansa a fada, a rubuta sunansa. Haka ake yi a gidan da ake da tarbiyya. Yaro ba ya sa hannu a akushi sai an ce ya sa.

Amma inda na fi jinjina maka, zaki, shi ne yadda ka sauke wa ɗan Adam nauyin mallaka. Mallaka wahala ce. In abu naka ne sai ka adana shi, maƙwabci ya zo aro, ɗa ya sa masa ido. A watan Yulin 2009 Amazon ya miƙa hannu cikin na'urorin karatu na Kindle ya ɗauke littattafan George Orwell guda biyu daga hannun mutanen da suka biya kuɗinsu, ya mayar musu da kuɗin. Ɗaya daga cikin littattafan, mai suna 1984, labarin wata hukuma ce da ke shafe rubutu ta ce ba a taɓa yin sa ba. Ba a karya ƙofa ba, kare bai yi haushi ba. A 2019 Microsoft ya rufe kantinsa na littattafai, sai duk littafin da aka saya a can ya daina buɗuwa, aka mayar wa mutane kuɗinsu cikin mutunci. Wane mai sayar da littattafai ne a kasuwar Kurmi, ranar da ya tashi daga rumfa, zai iya bin gida-gida ya tattaro duk abin da ya taɓa sayarwa? Ko yana so ƙafa ba za ta kai shi ba. Kai kuwa a dare ɗaya ka gama, ba ka ko karya kumallo ba.

Malamanmu na zaure masu karantar da Muhtasar sun san wannan mas'ala tun kafin a haifi kakan kwamfuta. Mai littafin, Sidi Halilu, ya lissafa, cikin cinikayyar da aka hana, cinikin da aka gindaya wa sharaɗin da ke rushe manufar saye, kamar a sayar maka da abu a ce kada ka sayar wa kowa. A wajensu in ka sayi akuya taka ce, ka yanka, ka kyautar, ka kai ta kasuwar Badume, ba ruwan wanda ya sayar. To dubi fasahar sarki. A babban rubutu, inda ido ke sauka, an sa kalmar saye. A ƙaramin rubutu mai shafi barkatai, cikin Turancin lauyoyi, inda yatsa ke wucewa da gudu ya latsa amincewa, an bayyana cewa ba a sayar maka da komai ba, izinin amfani aka ba ka. Kuɗin saye, hukuncin aro. Sai da jihar Kalifoniya ta yi doka, wadda ta fara aiki a 2025, cewa a riƙa faɗa wa mutane gaskiyar abin da suke biya. Ka ji rashin ta-ido. Ina laifin a bar mutum da farin cikinsa?

Rigimar gado ma ka kashe ta. Kamfanin Apple ya bayyana cewa magajin da mutum ya naɗa zai iya samun hotunansa da saƙonninsa, amma ban da fina-finai da waƙoƙi da littattafan da ya saya. Madalla. A da in malami ya rasu sai a fito da gafakoki, a zauna lissafi, a fitar da tumunin takaba, wannan ɗa ya ɗauki Ishiriniya, wancan ya ɗauki Risala, har jika ya tashi ya tarar da rubutun kakansa a gefen shafi. Nan gaba ba sauran wannan jidali. Mai littafi yana cikawa littafi ya bi shi, marayu su huta, alƙali ya huta.

Kai, da ka zo da wuri da tarihin ƙasar nan ya tsaftata. Ka duba irin sakacin da aka yi. Littattafan Shehu Usmanu da na Abdullahin Gwandu da na Sarkin Musulmi Bello da hannu aka yi ta kwafarsu, almajiri ya ara ya kwafa, ya ba wani shi ma ya kwafa, har suka cika ƙasar Hausa suka tsallaka. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, jajinta take naɗawa da malfa, su haddace waƙoƙinta su shiga ƙauyuka su koyar da mata, matan nan da ake kira 'Yan Taru su karɓa su ƙara gaba, ba lasisi, ba lambar sirri, ba wanda ya ƙirga baki nawa waƙa ta shiga. Da kana nan da kowace waƙa ta tsaya a gidan da aka biya mata, da matan karkara sun zauna lafiya da abin da suka sani. Har yau ba mu daina wannan ɗabi'a ba. Malam Ja'afar Mahmud Adam ya rasu tun Afrilun 2007, amma je ka rumfar mai caji a kowane ƙauye a nan, za ka tarar ana tura tafsirinsa daga memori zuwa memori. Littafin soyayya guda ɗaya sai ya zaga matan gida goma har bangonsa ya fita. Mutanen da suka saba da aron garma da aron jaki da gayya, waɗanda uwa ke aika ɗa maƙwabta ɗebo wuta, su ne ka zo ka wayar. Aiki ja ne, amma ba a haifi sarki don ƙaramin aiki ba.

Kada wani ya ce ba ka da hujja. Kana da ita, kuma mai ƙarfi. 'Yan fim ɗin Kano sun ga tasku a hannun masu satar fasaha. Mutum ya sayar da fili ya yi fim, kafin ya mayar da uwar kuɗi an riga an zuba shi a wayoyi a bakin kasuwa. Cinikin faifai da ya raya Ƙofar Wambai ya mutu, masu shirya fim suka koma YouTube da fina-finai masu dogon zango. Haƙƙinsu haƙƙi ne, kuma wanda ya ci zai biya. Saboda irinsu aka ce an naɗa ka. To ga abin al'ajabin. Kullen faifan DVD, wanda manyan kamfanonin fim na Amurka suka dogara da shi, an karya shi tun 1999, kuma cikin waɗanda suka karya har da wani yaro ɗan Nowe mai shekara 15, Jon Johansen. A 2007 Steve Jobs na Apple da kansa ya rubuta cewa kulle waƙoƙi bai hana satarsu ba, a 2009 kuma kantinsa ya cire kullen daga waƙoƙi. Ɓarawo sau ɗaya yake buƙatar karya ka, daga nan kwafinsa ya zaga duniya ba kulle, ba data, a kowace waya. Wanda ya biya shi ne zai zauna da kai: sai da intanet, sai a wannan waya kaɗai, in wayarsa mai araha ce a rage masa kyan hoto, in ya ɗauki hoton allo ya ga baƙi ƙirin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wane dogari ne a tarihi ya taɓa gane cewa bin ɓarawo wahala ne, gara a tsare wanda ya kawo kansa? Wannan hikima sai gidanku.

Saura kanikawa. A nan in injin ban-ruwa ya tsaya ana tsakiyar shayar da albasa, akwai yaron da zai kwance shi a kan buhu, ya busa nan ya goge can, ya yanko robar tsohon tif ya ɗaure, injin ya tashi kafin la'asar. Bai nemi izinin wanda ya ƙera ba, bai ma san a wace ƙasa yake ba. Wannan raini ne, kuma ka fara maganinsa daga sama. A 2015 kamfanin John Deere ya shaida wa ofishin haƙƙin mallaka na Amurka cewa abin da manomi ya samu game da manhajar taraktarsa izinin amfani ne na tsawon rayuwar motar. Manomi ya iya canza abin da ya lalace da hannunsa, amma tarakta ta ƙi tashi sai wakilin kamfani ya zo da kwamfutarsa ya sa albarka. Har manoman Amurka suka koma neman fasasshiyar manhaja daga Yukren don su gyara abin da suka saya, a Janairun 2025 kuma hukumar kula da ciniki ta ƙasar ta maka kamfanin a kotu. A Folan, a ƙarshen 2023, wasu masana kwamfuta da ake kira Dragon Sector suka ce sun gano umarni a cikin jiragen ƙasa na kamfanin Newag, wanda ke sa jirgi ya ƙi tashi in ya kwana a garejin da ba na kamfanin ba. Kamfanin ya musanta. Jirgin ƙasa sukutum, ya san gidan da bai kamata ya kwana ba! Ko 'yar da aka yi wa kyakkyawar tarbiyya iyakarta ke nan.

Kuma kowa ya shaida kana kama ɓarayi in ka so. A 2022 an kwashi kayan noma na John Deere daga Melitopol ta Yukren aka kai Checheniya, aka kashe su daga nesa suka zama kangon ƙarfe. A 2021, bayan tarzomar Afirka ta Kudu, Samsung ya toshe talabijin ɗin da aka wawashe daga rumbunsa, ya kuma sanar cewa wannan dabara tana cikin duk talabijin ɗinsa tun daga masana'anta. Ɓarayi suka ji kunya, masu gaskiya kuma suka sami labarin cewa su ma akwai igiya a wuyan nasu, sai dai ba a ja ba tukuna. Ai kwanciyar hankali ke nan, mutum ya san akwai babba a gida.

Mu ma ba a bar mu a baya ba. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta haramta karya irin wannan kulle da cinikin kayan karya shi, in ban da wuraren da ta keɓe. Yaran Farm Centre masu filashin, waɗanda ke tayar da wayar da aka fid da rai da ita, masu cire allon wannan su dasa wa waccan, sai su fara koyon tafiya a hankali. Tun a 2021 an ga iPhone 13 da in aka canza mata allo a wajen da ba na kamfani ba sai ta daina gane fuskar mai ita, har sai da aka yi ca aka janye. Gwaji ne, kuma sarki ba ya mantuwa.

Albishir na ƙarshe daga Google ya fito, uban gidan Android, wadda ita ce ke cikin kusan duk babbar wayar da ke yankin nan. Shi ne a 2020 ya haɗa kai da Safaricom a Kenya aka fito da wayar da ake biya shilin 20 a rana, da manhajar da ke kulle ta in an yi fashi. A watan Agustan 2025 ya sanar cewa nan gaba wayar Android da ya amince da ita ba za ta karɓi manhaja ba sai wadda mai ita ya yi rajista a wajensa ya nuna shaidar ko shi wane ne, ko da kuwa ba daga kantin Google aka ɗauko ta ba. Ya ce za a fara da Barazil da Indonesiya da Singafo da Tailan a Satumban 2026, sauran duniya daga 2027. An ce don maganin 'yan damfara ne, kuma 'yan damfara suna nan, mun sha su. Da aka yi ƙorafi ya ce zai bar wata 'yar ƙofa ga ƙwararru. Mu nan rabin abin da ke wayoyinmu ta Xender ya shigo, daga hannun aboki ko mai caji, don data tsada gare ta. Yaron da ya koyi haɗa manhaja a Bichi, ya yi wata 'yar ƙarama da ke lissafa wa manoma kuɗin taki da na fetur, ya tura wa ƙanen babansa da ke zaune kusa da shi a kan tabarma ɗaya, zai sami darajar da kakanninsa ba su samu ba, sai an san da zamansa a Kalifoniya kafin ta buɗe. Rijiya ta bayar, guga ya hana, kuma gugan nan na zinariya ne, dole a yaba.

Allah ya ja zamaninka, Kwaɗo, mai ɗaure akuya da igiyar da ba a gani, mai karɓar kuɗin saye ya ba da rasiɗin aro, garnaƙaƙin da ya hana ruwa gudu a kwatar da mai gona ya haƙa. Ka shiga waya, ka shiga kwamfuta, ka shiga fitilar sola ta biya-kullum da ke mutuwa ana tsakiyar cin tuwo. Muna sauraron ranar da za ka shiga injin ban-ruwa da injin casar shinkafa.

Mai karatu, in ka bi ta wajenmu ka tambayi labarin Baffa, ya gama biyan wayar tun kafin azumi, kuma da aka haɗa lissafi abin da ya biya ya haura kuɗin hannu nesa ba kusa ba. Tana nan a aljihun gaba yana sauraron tafsiri da ita. Lambar direba da ta dillali kuwa ya sa jikansa ya rubuta masa a takarda, ya ninke ya cusa a cikin hula, tsohuwar mai madannan kuma ya sa mata sabon batir.